Garken Kibiyoyin Malam Sidi

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Mallawa ya san rumfar Malam Sidi, inda ake zuba wa mutane waƙa da wa'azi da fim a katin waya. Da can makiyayi ne. Shanun suka ƙare, gonar gyaɗa ta ƙi, sai ya sayi wata tsohuwar odinatar, wato kwamfuta, a hannun wani ɗan ci-rani, ya ɗora fano mai jan hasken rana a kan rumfa, ya kama sana'a. Ga shi Allah ya yi masa baki. Ko ba sayen komai ka zo ba sai ka zauna.

Injin nan kuwa yana da wata cuta. In Malam Sidi ya ja suri, ɗan abin nan da ake turawa da hannu, kibiyar da ke yawo a gilashi ba ta tafiya ita kaɗai. Duk inda ta bi sai ta bar 'yar'uwarta a baya, fara ƙal, har su yi layi daga wannan kusurwa zuwa waccan. In gilashin ya cika maƙil sai ya jawo wani hoto ya share su da shi, a sake sabon lale.

"Malam, injin nan naka ya lalace," in ji masu zuwa.

"Lalacewa? Haihuwa yake yi. Garkena ne ya dawo, kuma wannan ba ya cin dusa."

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne yanar ido ta fara rufe masa gani. Kibiya guda, 'yar mitsitsiya, ya daina ganinta. Layin nan yake gani, ya bi sawunsa har ƙarshe, nan mai ran take. Tsoronsa ɗaya ne: a gane, a ce tsoho ya koma zaure ya huta, a raba shi da rumfa da hirarta. Shi kam gara zazzaɓi da wannan hutun.

Ana nan sai 'yarsa Samira, mai gyaran odinatar a Zinder, ta zo gida ranar kasuwa. Ya bar mata rumfa ya tafi sallar azahar. Ya dawo ya tarar tana ta murmushi.

"Baba, na yi maka gyara. Pilot ɗin ne ya tsufa, abin da ke zana hoto a gilashi. Wurin da ya canza kawai yake sake zanawa, sai ya manta bai goge inda kibiyar ta tashi ba. Na sa sabo."

"Wa ya aike ki?"

Kafin ta amsa, Hamisu ɗan kabu-kabu ya miƙo katinsa, dambe yake so. Malam Sidi ya ja suri. Wayam. Ya ɗaga shi, ya hure ƙasansa, ya buga shi a gwiwa, ya sake ja.

"Jama'a ku shaida, yarinyar nan ta sayar mini da garke!"

Rumfa ta ɗauki dariya. Ya yi ta maza ya danna da ka, sai ga wa'azin mutuwa ya ɓarke a lasifika. Hamisu ya ce shi dambe ya ce, ba a kai shi kushewa ba.

"Ga kibiyar nan, Baba, a gabanka," in ji Samira, ita ma tana dariya.

"Ai na gan ta," ya ce, ya ɗora yatsa a can gefen gilashi, inda babu komai.

Dariyar Samira ta tsaya. Ta dubi yatsan, ta dubi idonsa, tausayi ya kama ta. Sai ta juya ga Hamisu ta ce laifinta ne, gyaran bai kammala ba, kowa ya ɗan zagaya ya dawo.

Da rumfa ta watse ta matso kusa.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun bara. Kada ki gaya wa uwarki."

"Gobe za mu Zinder wurin likitan ido. Yanar ido ce, ana cirewa."

Ya shafa surin da babban yatsa.

"Na ji. Amma kasuwa ba ta tashi ba, Samira. Ki ɓata mini injin yadda kika same shi."

Ta goge ido da bakin mayafi, ta jawo benci, ta shiga neman tsohon pilot.