Takardar da Na Ɓamɓare

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 9 ga watan Afrilu, wajen ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran Na-Kyauta, mai kula da kwamfutocin maɗaba'armu, bayan jinyar kwana shida a asibiti. Ina kan teburina ina duba kurakuran wani littafin kimiyya, sai sakatariya ta tsaya a bakin ƙofa da waya a hannu. Da ƙyar ta ce, "Ya tafi." Babu wanda ya tambaye ta wane ne.

Mu muka laƙaba maka sunan Na-Kyauta, ƙanena na wurin aiki, kai kuma ka amsa. Duk wanda ya kawo maka laftof ɗinsa da wata damuwa, sai ka zaro 'yar filashar nan da ke rataye a jikin makullanka, ka ce, "Akwai manhajar wannan, kuma kyauta ce." Ƙananan manhajoji ne da babu mai tallarsu, waɗanda wasu bayin Allah suka rubuta suka sake wa duniya. Kai ne mai haƙurin nemo su, ka gwada a taka kwamfutar mako guda, kafin ka yarda ka saka wa wani.

Kana da wata ɗabi'ar aiki da ta riƙa ba mu haushi da farko. Ba ka taɓa kwamfutar mutum sai ka jawo kujera ka zauna a gefensa, ka naɗe hannu, ka ce ya ci gaba da aikinsa kamar ba ka nan. Minti goma sha biyar kana kallo, ko tari ba ka yi. Haka ka ga sakatariya tana kwafo adireshi ɗaya sau bakwai a wasiƙa guda, ka saka mata manhajar da ke tuna duk abin da ta kwafa tun safe. Ranar ta yi ta shi maka albarka har ka ji kunya ka gudu. Haka ka ga Manaja yana neman takarda a fuskar kwamfutar da fayiloli suka cika maƙil, har hoton 'ya'yansa ya ɓace a ƙarƙashinsu. Ka saka masa mai nemo fayil da haruffa uku, ka share masa fuskar tas, sannan ka ce, "Ranka ya daɗe, ashe yaran huɗu ne." Mai zanen bangon littafi ya sami mai raba masa allo gida uku. Kowa da tasa, kamar tela ya auna shi.

In ka gama, sai ka kifa kwamfutar, ka manna 'yar farar takarda a ƙarƙashinta, ka rubuta da ƙaramin rubutunka sunan kowace manhaja da yadda ka saita ta. Muka ce wannan wane irin ƙaƙale ne? Ka ce wanda zai zo bayanka bai kamata ya yi lalube ba.

Ni dai na daɗe ina gudun kujerar nan taka. Shekara goma sha tara ina aikin duba kuskure a maɗaba'ar nan, kuma abincin mai duba kuskure a idonsa yake. Idanun nawa kuwa sun fara ja da baya, ban gaya wa kowa ba, ko maiɗakina sai daga baya. Ranar da ka kama ni, shekara biyu da suka wuce, an fita cin abincin rana ne, ofis ya rage daga ni sai kai. Ka zauna. Ka ga ina kai hanci kusa da allo, ka ga ina jujjuya linzamin kwamfuta ina neman inda kibiya ta shige. Ba ka cika minti goma sha biyar ɗin ba. Ka sassauta murya ka ce, "Yaya, tun yaushe?" Na so in yi maka ƙarya, wallahi, sai hawaye suka riga ni.

Ba ka ƙara tambaya ba. Ka saka mini manhajar da ke ƙara girman layin da nake kai, ka mai da kibiyar babba, ruwan ɗorawa, ka juya farin shafi ya koma ƙasa-ƙasa don hasken ya daina sukata. Ka saka wadda ke karanta mini shafi a kunne, na riƙa saƙala abin ji, abokan aiki suna zaton wa'azi nake saurara. Wata uku kana dawowa kana ragewa kana ƙarawa har ya zauna daidai idona. Da na roƙe ka, ka haɗa mini madannai biyu waɗanda in na danna su tare komai ya koma yadda yake a kwamfutar kowa, saboda in Manaja ya nufo teburina. Ka yi, amma ka ce ranka bai so ba.

Sannan ka kifa kwamfutar, ka manna takardarka. Kana juya baya na sa farce na ɓamɓare ta, na yayyaga, na zuba a aljihu don kada mai shara ma ta gani. A ganina duk wanda ya karanta "mai ƙara girman rubutu" ya gama karanta ni. Washegari ka ga gurbin, ka dube ni, ka wuce.

Maganar da ka ƙi bari ita ce ta likita. Duk bayan 'yan makonni sai ka ce in je a duba ni, kuma in gaya wa Manaja da bakina kafin wani kuskure ya gaya masa. A ƙarshen watan Maris ka sake tayar da ita a kan matakala, ni kuwa raina a ɓace, na ce maka, "Kai likita ne ko mai gyaran kwamfuta? Tsaya inda Allah Ya ajiye ka." Ka yi ɗan murmushi, ka ce, "Allah Ya huci zuciyarka, Yaya." Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Da aka kwantar da kai, kullum ina cewa gobe zan je, kunya tana riƙe mini ƙafa. Kaicona, kwana shida cur, asibitin da mota ɗaya ce ke kai mutum.

Bayan jana'iza muka je gida gaisuwa. A falonka, gaban mahaifinka, kowa ya faɗi abin da ka yi masa. Sakatariya ta faɗi nata tana kuka, Manaja ya ba da labarin hoton 'ya'yansa har tsohon ya yi dariya da jiƙaƙƙun idanu. Sai ya juyo gare ni, ya ce, "Kai ne mai duba kuskuren, ko? Yana yawan ambatonka. Kai me za ka ce?" Ni da ka riƙe wa aiki shekara biyu, ni da ka rufa wa asirin da ko matarka ba ta ji ba, na sunkuyar da kai na ce, "Mutumin kirki ne, Baba." Shi ke nan abin da na iya ba mahaifinka, don Manaja yana zaune a gefena. Na fito daga gidan ina jin ƙyamar kaina.

Yanzu maɗaba'a ta sayo sababbin kwamfutoci, za a karɓe tsofaffin ranar Litinin. Matar da aka ɗauka a gurbinka tana bi tebur-tebur tana kifa kowace laftof, tana kwafe takardarka, tana cewa ba ta taɓa gadon aiki mai tsabta irin wannan ba. Da ta zo kaina ta tarar da tabon gam kawai. Ta ce, "Baba, kai bai saka maka komai ba?" Na riga na danna madannan nan biyu, na ce mata babu. Ta wuce. Na gwada karanta shafi a sabuwar da aka kawo, layukan suka haɗe mini, ban kai ƙarshen sakin layi ɗaya ba. Ban san sunan manhaja ko guda ba, don sau nawa kana cewa in zauna ka nuna mini, ina cewa sai an jima.

Zan iya jan ta gefe in roƙe ta ta rufa mini asiri kamar yadda ka yi. Na yi tunanin haka kwana uku. Amma in na yi, alherinka mafi girma a ofishin nan zai ci gaba da zama a binne saboda tsorona, kuma mahaifinka ba zai taɓa jin amsar tambayarsa ba. Shi ya sa na rubuta wannan, a kan kwamfutar da ka saita, da manyan haruffan da ka zaɓa mini, kuma na ba sakatariya ta kafe a allon sanarwa, ta aika wa iyalinka kwafi.

Ranka ya daɗe Manaja, ga shi ka ji: ba na gani sosai, shekara biyu ke nan. Littattafan da suka fita ta hannuna ba kuskure, da taimakon marigayi suka fita. Na karɓi katin ganin likitan ido na ranar Alhamis. Abin da ka yanke game da teburina, na karɓa.

Baba, wannan ce amsar da na hana ka a falo. Ka yafe mini.

Allah Ya jiƙanka, ƙanena, Ya gafarta maka, Ya rufa maka asiri a ranar da asirai ke tonuwa kamar yadda ka rufa nawa. Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifinka, da maiɗakinka, da 'ya'yanka uku, da 'yan'uwa da abokan aiki baki ɗaya. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.