Azumin da Na Ɓoye wa Baba

Shekara uku na yi ina jinyar wani dattijo Bayahude a garin Takoma Park na Amurka, kuma har gobe in na tuna da shi sai raina ya ɓaci. Shi bai yi mini komai ba. Ni ce na cuce shi, ina murmushi.

Baba nake ce masa, tun yana dariya har ya saba. Ya haura tamanin, ga ciwon suga, ga mantuwa ta fara taɓa shi. Mutum ne mai mita, shayi ya yi zafi, shayi ya huce, amma in watan azuminmu ya kama ba ya yarda in tsaya a kansa yana cin abinci. Sai ya kore ni falo, wai kada ƙamshi ya dame ni.

A wani azumin ne ya ba ni labarin nasu. Ban da babban azuminsu na shekara, suna da ƙanana, daga ketowar alfijir zuwa fitowar taurari, ba ci ba sha, amma ana zuwa aiki. Ɗaya yana faɗowa tsakiyar sanyi, goma ga watansu na Tebet, ranar da rundunar sarkin Babila ta kewaye birnin Ƙudus. Ya ce ba a rusa komai a ranar ba, farawa aka yi, farawar ake wa baƙin ciki. An kuma ware ranar don Yahudawan da aka kashe a Turai lokacin yaƙin duniya na biyu ba a san ranar mutuwarsu ba. Mahaifiyarsa na ciki, da yayarsa. Yana ɗan shekara biyar aka ɓoye shi a gidan wasu manoma, su kuwa aka tafi da su, ko kabari babu. A ranar nan kaɗai yake kunna musu kyandir, ya je wurin ibadarsu ya yi musu addu'ar da ba ta yiwuwa sai an tara maza goma.

Da ya ga kansa na ƙara rikicewa, wata rana ya riƙe hannuna ya ce, "In ranar ta zo ki gaya mini. Ko ba zan iya azumin ba, ki dai gaya mini."

Na ce in sha Allahu, da baki cike.

Saura kwana biyu sai ga 'yarsa, wadda ke leƙo shi ran Lahadi ta yi rabin awa, rabin rabin kuma a kan waya. Ta cire kalandar bango ta cusa a jaka. Ta ce bara ya yi azumin ya faɗi a banɗaki, malaminsu ma ya ce marar lafiya ba azumi a kansa, kuma muddin ya sani ba zai ci ba. In na buɗe baki, ta ce, akwai masu neman aikin. Gaskiya tana da hujja, shi ya fi ba ni haushi. Amma ko sau ɗaya ba ta zauna ta rarrashi uban nan ya ci abinci ya je addu'arsa ba. Ɓoyewar ta fi mata sauƙi, ni ma ta fi mini.

Da ranar ta zo, ina tuƙi daga gidana a Beltsville da sassafe na shiga yi wa kaina fatawa. Ai mu ma in mutum ya manta ya ci, azuminsa na nan, Allah ne ya ciyar da shi. To Baba mantawa ya yi, ina laifin? Kai jama'a, malamar dole kenan! Na soya masa ƙwai, na ba shi magani. Da rana ya sha miya har da neman ƙari. Sau biyu yana kallon ƙusar da kalandar take, ya tambaye ni yau wace rana. Na ce Talata. Ban yi ƙarya ba, Talatar ce.

Bayan magariba ina haɗa jakata wayar gidan ta yi ƙara, Baba ya ɗauka. Wani tsohon abokinsa ne yake tambayar ko lafiya, ba a gan shi wurin addu'a ba. Na ga Baba ya juya ya kalli taga, duhu ya riga ya rufe. Ya ajiye wayar a hankali.

"Kin sani?"

Na ce na sani. Na fara zuba masa fatawata, wai a addininmu mai mantuwa ba shi da laifi. Ya bar ni na gama tsaf.

"Ni na manta," ya ce. "Ke ba ki manta ba."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Bai kai ni ƙara wurin kowa ba. Ya daina mitar shayi, duk abin da na miƙa masa sai ya karɓa ya yi godiya kamar ga baƙuwa. Ni kuma na ci gaba da zuwa aiki, tunda abin da na zaɓa kenan.

Na yi wa kaina rantsuwa cewa baɗi, ko za a kore ni, sai na faɗa. Na nemo ranar na rubuta a wayata. Da ta zagayo, tun jajibiri na sayo kyandir, na tanadi motar da za ta ɗauki keken guragun da yake zama a kai yanzu. Da la'asar na durƙusa gabansa na ce, Baba, gobe ce goma ga Tebet, ranar mahaifiyarka da yayarka.

Ya daɗe yana kallona, fuskarsa a sake, ba fushi ba komai. Sannan ya tambaye ni ko su ma za su zo.