Inci Biyu na Ƙari

Maigidana tela ne. Shekara talatin da ɗaya yana kan keken ɗinki, bai taɓa yanka yadi daidai awo ba. Ko rigar jariri ce sai ya bar inci biyu a ciki, wai ko mutum zai yi ƙiba.

Da aka gano yana da ciwon suga, likita ya tura mu wurin jami'ar da ke ba da shawarar abinci, wata 'yar siririya mai fara'a. Ta ce, "Baba, shinkafarka kada ta wuce dunƙulen hannunka. Rabin faranti ganye, sauran kifi ko wake. In sugan nan ya ci gaba da hawa, idonka zai taɓa."

Muna isa gida ya zaro tef ɗin awo daga wuyansa, ya auna dunƙulen hannunsa, ya zana mini awon a faranti da alli. Sannan ya ce, "Ƙara inci biyu."

"Na me kuma, Malam?"

"Ke, kin taɓa ganin awo babu ƙari?"

Sati na gaba ya ƙara wasu biyu, wai ranar da ya auna hannun a gajiye yake. Kafin wata guda, wallahi dunƙulen nan ya kai murfin tukunya. Ni kuma ina zubawa ina masifa.

Da muka koma asibiti, suga na nan daram. Na tona masa asiri tas. Jami'ar ta yi dariya har da hawaye, sannan ta nuna allurar da ke maƙale a aljihunsa. "Baba, ɗan zura mini zare."

Ya gwada sau uku, ya lashi zaren, ya matsa kusa da taga. Zaren ya ƙi shiga. Sai a lokacin na tuna kwanan nan ni nake zura masa, yana cewa shagon ne ya yi duhu. Tausayinsa ya kama ni.

A gida ya miƙo mini tef. "Ki auna da kanki. Kada ki ƙara komai."

Bayan wata huɗu wandonsa ya fara zamewa. Ya zauna zai rage inci biyu a ƙugu, ya ƙwala mini kira. Na miƙa hannu in karɓi allurar in zura masa zare, ya janye.

"A'a, tsayawa kawai za ki yi ki gani."