Da Sunan Yaya Aka Shiga

A ɗakin kati na asibitin, kowa Yaya yake ce mata, har likitocin da suka girme ta. Tun ana cika kati da biro take wurin, kuma da aikin take rufa wa kanta da marayunta asiri. Ba ta da surutu. In layi ya yi tsawo, ko ruwa ba ta tashi sha.

Da aka kawo kwamfuta, aka ba kowa lambar sirrinsa, aka ce ko uwarka kada ka faɗa wa. Ba a jima ba rabin ɗakin suka manta tasu. Sabunta lamba kuwa sai ka hau bene ka jira mai kula da kwamfuta, ga marasa lafiya a tsaye.

"Yaya, buɗe min da taki mana, tsohon nan zai faɗi."

Sai ta buɗe. Ko salla za ta, a buɗe take barin ta, don kada aiki ya tsaya.

Rannan aka kira ta sama. Wani direba ya kawo ƙara: sakamakon gwajin jininsa ya isa wayar maigidansa, an karɓe makullin mota. Mai kula da kwamfuta ya juyo mata allon. Da sunanta aka buɗe fayil ɗin gwajin direban.

"Wallahi ina salla a lokacin."

"Na yarda, Yaya. Amma na'ura ba ta san fuska ba, lamba ta sani. Ki kawo wanda ya zauna a kujerarki, in ba haka ba ke za ki tafi."

Ta sauko. Ta bi abokan aikinta ɗaya bayan ɗaya, har ta kama hannun wadda ta koya wa aiki.

"Ƙanwata, ki dubi Allah. Wa ya zauna?"

"Haba Yaya, kujerarki ai tashar mota ce. Wa zan ce?"

Ta nemi gidan direban. Ta same shi zaune a ƙofar gida da rana tsaka. Ta durƙusa gaban sa'an ɗanta, ta roƙe shi ya janye ƙarar.

"Tashi, Inna," ya ce. "In na janye, wa zai mayar min da aikina? Faɗa min wanda ya yi, in rabu da ke."

Ta buɗe baki. Fuskoki suka yi ta gilmawa a idonta, kowace ta taɓa zama a kujerar. Ta kasa ɗora wa kowa abin da ba ta gani ba.

Washegari aka rufe lambarta, maigadi ya karɓi katin shaidarta yana kallon ƙasa.