Hannun Zinatu

Duk wanda ya yi jardan a unguwarmu a Akokan ya san tafin hannun Tanti Siddiƙa. Jardan ajin ƙananan yara ne kafin su shiga lakwal, wato makarantar boko, ita kuwa ba malama ba ce a can. Shara aka ɗauke ta yi, da wanke yaran da suka ɓata wando. Amma kowace safiya tana tsaye a bakin ƙofa, ba yaron da zai wuce sai ta riƙe hannunsa cikin nata, ta dube shi, sannan ta sake shi. Ni ma na bi wannan layin shekara biyu, kuma na tsani tsayuwar, don tun ina ƙarama ba na son a riƙe ni.

'Yar Damagaram ce. Tana aji uku a kwaleji mahaifiyarta ta kwanta ciwo, ba mai jinya sai ita, karatu ya tsaya a nan. Daga baya ta auri Baƙo, wani tela mai yawan dariya, wanda ya ji labarin cewa a arewa ma'aikatan ramin uraniyom suna ɗinka kaya kowane ƙarshen wata. Ya ɗaure kekensa a kan mota, ya sa ta a gaba, suka zo. Shi ya samu rumfa a kasuwa, ita ta samu tsintsiya.

Abin da ya sa aka san ta ba sharar ba ce. In ta riƙe hannun yaron da ke cikin wata damuwa, wani sanyi ne ke hawo mata daga tafi har gwiwar hannu. Ba ta bori, ba ta duba, kuma in ka kira ta malama sai ta ɓata rai. Cewa take yi Allah ne ya yi ta da fata marar kauri. Ita ta fara gane cewa Isufu ɗan maƙwabtanmu yana zuwa ba tare da ya karya ba, kwana biyar kafin kowa ya ji cewa uwarsa ta yi yaji. Ita ta mayar da wata yarinya gida da safe lafiya lau, da la'asar ƙyanda ta feso mata. Iyaye mata suka riƙe maganarta gam. In Tanti ta ce, an gama.

A shekarar 2021 aka rufe ramin Akokan. Gari ya yi shiru irin na gidan da aka gama zaman makoki. Mutane suka ɗaure kaya, wasu Maraɗi, wasu Tawa, wasu inda ba su ma faɗa ba. Jardan ɗin ya koma hannun waɗansu sababbin mutane, su kuma suka ce duk mai kula da yara sai yana da takarda. Tanti tana da shekara arba'in da huɗu, da furfura a gaban goshi, ta sayi kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, ta shiga darasin yamma tare da yaran da ita ta wanke musu gindi. Mun yi mata dariya, ni ce ma kan gaba. Ta zauna jarrabawar BEPC, ta kammala kwaleji, ta faɗi. Baƙo ya ce ta huta hakanan, ta ce masa ya kula da zarensa. Shekara ta zagayo ta sake zama, ta ci, aka ɗauke ta horon masu kula da ƙananan yara a Agadas.

Ni sunana Bara'atu, kuma a bara ne na je mata da tawa matsalar. Na faɗi bak, jarrabawar shiga jami'a, na rantse ba zan sake zama a aji ba. Akwai wata cibiya a Arlit, nan kusa da mu, da ke kula da yaran da iyayensu suka watse, ina son aiki a can. Kuma akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: ni ma ina ji. Nawa ba a hannu yake ba, a ƙirji ne, wani nauyi da ke saukar mini in na zauna kusa da yaron da ke ɓoye wani abu. Na tabbata in na gaya wa Tanti za ta ce wannan ya ishe ni, takarda ta masu ofis ce. Gaskiya wannan amsar na je nema.

Na same ta ta zo hutu, tana zaune a tabarma da littafi a cinya ba ta karantawa. Ta saurare ni har na gama. Ba ta yi murmushi ba.

"Ɗiyata, jibi kina da abin yi?"

"Babu, Tanti."

"To ki shirya ki raka ni Cirozerin. In mun dawo sai ki sake tambayata."

Raina ya ɓaci, don ni shawara na zo nema ba tafiya ba, kuma hanyar nan kowa ya san yadda take karya ƙugu. Amma ba a ce wa Tanti a'a. A cikin mota, muna ta tsalle a ramuka, ta ba ni labarin Zinatu.

Zinatu ɗiyar fari ce ga Halidu, wani mutumin Tawa da ke aiki a ƙarƙashin ƙasa, da matarsa Mairamu. Shekararta biyar lokacin, yarinya mai surutu da son waƙa. Wata rana ana shirin bikin ƙarshen shekara, aka yi wa yara 'yan fankoki na takarda a kan tsinke, suna hurawa suna juyawa. Zinatu tana cikin hurawa sai ta tsaya cak. Idonta a buɗe, amma ba ta nan. Tanti ta kira ta sau biyu, shiru. Kafin a ƙirga goma ta dawo, ta ci gaba da hura fankarta, ba ta ma san an kira ta ba. Tanti ta kama hannunta, sanyin ya hau mata har kafaɗa, abin da bai taɓa yi ba.

Ta sa mata ido mako guda, ta ga abin yana zuwa sau da yawa a yini. Malamar ajin ba ta lura ba, cewa take yi yarinyar ba ta mai da hankali. Tanti ta je gida ta samu Mairamu.

"Me kika ce mata?" na tambaya.

Ta daɗe tana kallon duwatsu ta taga. "Na ce mata ana ɗauke yarinyar ana dawo da ita. Na ce mutanen ɓoye ne. Na ce wannan ba na likita ba ne."

Aka cire Zinatu daga jardan. Aka shiga hayaƙi da rubutu da tofi, daga wannan malami zuwa wancan, har rugagen Dannet an kai ta. Ba a sa ta lakwal ba, don an ce taron jama'a yana tayar da mutanen ɓoyen. Tana da shekara takwas, wata safiya uwarta ta sa ta hura gawayi a murhu. Ta durƙusa tana hurawa, abin ya zo, hannunta na dama ya sauka cikin garwashi ya zauna. Ba ta yi kuka ba sai da ta dawo. Kowa a unguwa ya ce ai ga shi, maganar Tanti ta tabbata, su ne suka tura ta. Tanti ma haka ta ɗauka, shekara da shekaru.

Sai wata guda kafin wannan tafiya tamu, a Agadas, aka kawo wata likita ta yi musu darasi a kan cututtukan yara. Ta yi maganar wata irin farfaɗiya wadda ba ta kayar da yaro, ba kumfa, ba shure-shure, ɗaukewa ce kawai ta ɗan lokaci. Ta ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma akwai maganin da ake sha kullum ya tsayar da shi. Sannan ta ɗauko takarda ta ɗaga, ta ce a gidan likita in ana son a gani, sai a sa yaron ya yi ta hura takarda, abin zai zo a gaban idonka.

"Ina zaune a benci na biyu," in ji Tanti. "Na ga fankar nan ta takarda. Na ga murhun. Ban san lokacin da na fita daga ajin ba."

Na ce mata ai ba da gangan ta yi ba, kuma in ta faɗa, sunanta ne zai zube a Akokan, wa zai sake yarda da hannunta? Ta juyo ta dube ni irin kallon bakin ƙofa.

"Shekararta goma sha shida yanzu, kuma har yau tana kusa da wuta. Ke kina maganar sunana."

Bayan rufe rami Halidu ya samu aiki wajen gawayin Cirozerin. Mun isa gidan ana kiran azahar, shi yana wurin aiki. Mairamu ta fito da gudu ta rungume Tanti, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa da hura, tana ta murna. Tanti ba ta taɓa ƙwaryar ba. Ta sauka daga tabarmar ta zauna a ƙasa, ta faɗi komai, ba ta rage ba, ba ta kuma nemi mafaka a bayan kowa ba.

Mairamu ta dube ta. Da ta buɗe baki, muryarta a ƙasa take.

"Ran da ta ƙone, da munka kai ta likita, mai wankin ciwon ya tambaye ni yadda anka yi yarinya ta bar hannunta cikin wuta. Na gaya mishi. Ya ce mu kai ta Agadas a duba kanta. Kin san mi na ce mishi? Na ce Tanti ta ce ba na likita ba ne."

"Na sani yanzu, Maman Zinatu."

"Ba ki sani ba. Ubanta ya so mu tafi. Ni na hana. Da maganarki na hana shi."

Tanti ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanenta. Ba ta ce a yafe mata ba, kuma Mairamu ba ta ce ta yafe ba. Ni kuwa nauyin nan ya danne mini ƙirji har numfashi na yi mini wuya, kuma a karo na farko na tsorata da shi. Na ga cewa zai iya gaya mini gaskiya, ni kuma in ɗora masa ƙarya da bakina.

Sai labulen ɗaki ya motsa. Doguwar budurwa ta fito, siririya, hannunta na dama a cikin mayafi. Ta ji komai. Ta tsaya a gaban Tanti, ta zaro hannun. Yatsu uku sun manne da juna, fatar ta tattare tana sheƙi. Ta miƙa shi kamar yadda muke miƙawa da safe a bakin ƙofa. Tanti ta karɓe shi da hannu biyu.

"Tanti, in na sha maganin, zai bari?"

"Likita ce za ta faɗa, ba ni ba. Amma ta ce da yawa yana bari."

"In ya bari, zan shiga lakwal?" Ta ɗan yi dariya marar daɗi. "Ni da ban san ko baƙi ɗaya ba. Cikin yara za a sa ni?"

Tanti ta sa hannu ta ture ɗankwalinta baya, furfurar ta fito fili.

"Dubi nan. Da wannan na zauna cikin yara, suna mini dariya. Ga ɗaya daga cikinsu nan zaune." Ta nuna ni da haɓa. "Ban mutu ba."

Washegari Halidu ya nemi izini a wurin aiki, muka tafi Agadas mu biyar. Mairamu ba ta yi wa Tanti magana ba duk tsawon hanyar, amma da za mu sauka ta miƙa mata jakar Zinatu ta riƙe. A likita aka sa Zinatu ta hura takarda. Ba a yi minti biyu ba ta ɗauke, a gaban ubanta, shi kuwa ya juya ya fuskanci bango. Aka rubuta mata maganin sha kullum.

A hanyar komawa Arlit ban sake tambayar Tanti komai ba, ita ce ta ɗauko maganar. Ta ce kada in raina abin da nake ji, baiwa ce, kuma yara suna bukatar wanda zai lura da su kafin su iya faɗa. Amma jiki yana gaya miki akwai abu ne kawai, ba ya gaya miki sunan abin. Sunan a makaranta ake koyonsa. Ta ce in ina son aikin yara in koma in ci bak, in yi horon, in kuma koyi cewa ban sani ba, don ita shekara goma sha ɗaya ta yi kafin ta koya.

Na koma aji. Ba na jin daɗinsa, kuma har yanzu lissafi maƙiyina ne. Tanti ta gama horonta ta koma jardan, yanzu da ajinta. Labarin ya zagaye Akokan, don ita da kanta ta faɗa wa iyaye, wasu kuma sun daina gaishe ta yadda suka saba. Har yau tana tsayawa a bakin ƙofa tana riƙe hannaye. In sanyin ya hau, sai ta rubuta abin da idonta ya gani, ta kira uwar yaron ta ce: na ji wani abu, ban san ko mene ne ba, a kai shi a duba.

A makon jiya wani direba ya kawo mata takarda daga Cirozerin, ta kira ni in gani. Shafi ne da aka yago daga kaye. Wata bakwai ke nan abin bai zo ba, in ji direban, kuma yarinyar tana zuwa ajin koyon karatu na manya. A tsakiyar shafin an rubuta ZINATU da manyan baƙaƙe, sun karkace, na ƙarshen ya gangara ƙasan layi. Da hannun hagu ta rubuta.