Na Kai Babur ɗin Ƙanina Bakin Kanal

Mun tashi bayan sallar asuba, ni da babur. Na ce "mun" ne don ladabin labarin tafiya, amma in masu rai za a lissafa, ni kaɗai ne. Abokan hawan ƙanina da suka yi mini alkawarin rakiya, ɗaya ya tashi da mura, ɗaya surukarsa ta zo, na ƙarshen kuwa wayarsa ta yi ta ringi har ta gaji.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, babur ɗin na ƙanina ne, wanda Allah Ya yi wa rasuwa bara bayan gajeriyar jinya. Irin manyan nan ne na tsere, waɗanda mai tuƙi ke kifawa a kan tanki kamar mai neman gafara. Da aka zo rabon gado na roƙa a sa mini shi a kasona. Ni malamin adabi ne a sakandare, siriri, kuma duk hawan da na taɓa yi masa a baya nake zama, rungume da jakar littattafai. Na koyi tuƙa shi, amma bai yarda da ni ba. Ko ɗan tudu muka taka sai ya cilla ni sama. Kwanakin baya ya zubar da ni a kwanar unguwarmu, na goge gwiwar hannu. Hajiya, mahaifiyarmu, ta dubi ciwon ta ce, "Na rasa ɗaya. In ya sake kayar da kai, a kasuwa zai kwana." Hajiya ba ta maimaita magana.

Abokan nasa suka ce laifin shokazoba ne, wato ƙarfen nan mai sifirin da ke shanye girgizar hanya. An ɗaure shi daidai nauyin marigayi, shi kuwa ƙato ne. Suka ce akwai wani bakanike tsakanin Kura da Bunkure, shi kaɗai yake yarda ya taɓa masa babur. Wurinsa na nufa.

Titin Zariya da sassafe na tireloli ne da masu sammakon aiki. A Kwanar Dawaki motoci cike da ma'aikata da 'yan makaranta suna ta kwarara cikin birni, ni kaɗai nake fita, kamar wanda ya karanta sanarwa a juye. A Karfi na tsaya shan shayi. Burodi ya ƙara kuɗi ya rage jiki, mai shayin kuma yana zuba madara kamar mai ɗiga maganin ido. Mutane suka kewaye ni, amma ba wanda ya tambayi daga ina nake. Babur suke tambaya: nawa yake gudu, mai nawa yake sha, gaskiya ne yana tsere wa jirgi? Na amsa a madadinsa, tunda shi ba ya magana da baƙi.

Daga nan ƙasa ta sauya launi. Rani ne, amma ko'ina kore shar, albasa nan, masara can, ga fadamun shinkafa ruwa kwance a ciki yana ƙyalli. Kura kuwa hanci ne ke fara shigarta kafin ido: ƙamshin shinkafar da ake turarawa, ga ta nan an shanya a kan tamfol har bakin kwalta, injinan casa suna ta ruri. Na karya na bi hanyar Bunkure, kanal ɗin ban-ruwa yana raka ni ta gefe. Duk ramin da na faɗa sai na ji shi a ƙeyata. A wata 'yar gada na tsaya shanun Fulani suka wuce, a natse, ba wadda ta ɗaga kai ta dubi babur. Su kaɗai na gani da aji a ranar.

Garejin rumfar kwano ce a ƙarƙashin darbejiya, injinan ban-ruwa a jere suna jiran magani, masu su a kan benci suna jiran injinan. Bakaniken dattijo ne mai furfura, ya daɗe a Legas yana gyaran irin waɗannan baburan kafin ya dawo gida ya kama noma. Tun daga nesa ya gane ƙarar. Ya miƙe yana dariya, yana goge hannu da tsumma.

"Kai, ɗan nema! Sai yau ka tuna da Babanka?"

Na cire hular kwano. Dariyar ta tsaya a inda take.

"Ina mai shi?"

Na faɗa masa. Ya yi salati, ya ajiye tsumman, ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Sai ya ɗaga hannu, manoman nan da ba su taɓa ganina ba su ma suka ɗaga, aka yi addu'a aka shafa. Ɗaya bayan ɗaya suka miƙo mini hannu. "Ya haƙuri, Malam?" Ina ta cewa da godiya. Na ɗauka na gama karɓar gaisuwa tun bara, ashe akwai saura a bakin kanal.

Da aka natsa na faɗa masa yadda babur ke kayar da ni, ya ce sai ya san nauyina. Aka kai ni rumfar mai awon shinkafa da ke maƙwabtaka, na hau sikeli da takalmi da hular kwano, yadda zan hau babur. Wani manomi mai faffaɗan ƙirji ya leƙa ya girgiza kai.

"Malam, ko buhu ba ka cika ba. Alli kuke ci a makarantar?"

"Da jan biro muke haɗawa," na ce.

Muka koma. Dattijon ya ce in hau in ɗage ƙafafuna duka biyu, ya auna yadda babur zai nutse da ni. Wannan aiki kuwa sai da mai riƙe kan babur.

"Ina abokin tafiyarka?"

"Ni kaɗai na zo, Baba."

Ya waiga wajen benci. Mai faffaɗan ƙirjin ya taso ya riƙe. Na ɗage ƙafa, dattijon ya durƙusa da tef ɗin awo a bayan taya. Babur ko gezau, kamar balbela ce ta sauka a bayan bijimi.

"Ai marigayin ƙato ne," na ce, don in rufa wa ƙashina asiri.

"Ba nauyinsa kaɗai ba ne a nan." Ya ɗora yatsa a kan wani zoben ƙarfe da ya matse sifirin. "Ni na ɗaure wannan da hannuna. Na ce masa, yaro, in kai kaɗai ne dukanka zai riƙa yi. Ya ce, Baba, ɗaure kawai. Kullum da safe ina kai yayana makaranta, in muka faɗa rami babur har ƙasa yake bugawa, shi kuma yana da ciwon baya, ba zai faɗa ba."

Ya ɗago ya dube ni sosai. "Kai ne yayan ke nan."

Na ce ni ne. Na kuma sami abin kallo a cikin kanal na ɗan lokaci. Wato duk yinin da yake yawo shi kaɗai bayan ya sauke ni, hanya dukansa take yi, bai taɓa cewa uffan ba. Ni kuma da nake koyar da yara gano abin da marubuci ya ɓoye a ƙarƙashin magana, a kan abin nake zaune kullum.

"Baba, ba za a bar shi a tsakiya ba?"

"Za a iya. Amma tsakiya ba na kowa ba ne, zai sake kayar da kai. Akwai wanda za ka riƙa ɗauka?"

Na bi sunayen da na sani kaf, kamar mai kiran rajista ranar da aka ba da hutu.

"Babu."

"To sauka, Malam."

Ya ɗauko wata sufana mai baki kamar ƙugiya ya fara kwance zoben. Yana juyawa yana ƙara, sifirin yana miƙewa a hankali. Na so in ce ya dakata, na tuna fuskar Hajiya, na bar shi ya ci gaba. Ya sake sa ni na hau, ya auna, ya ƙara sassautawa. Ya ɗaura siririyar roba a jikin shokazoban gaba, don in na taka birki ta nuna iya inda ya nutse. Ya murɗa wasu ƙananan sukurori, ya ce su ke hana sifirin dawowa da sauri ya harba ni. Sannan ya ce in bi gefen kanal in dawo.

Hanyar gefen kanal gargada ce zalla. Babur ya bi ta lumui, kamar an shimfiɗa masa tabarma. Na shiga kwana, ya kwanta tare da ni, ya tashi tare da ni. Gaskiya ban taɓa jin daɗin tuƙi irin wannan ba, kuma ban ji daɗin jin daɗin ba.

Na yi azahar tare da su. Wata Bafulatana ta dama mini fura mai sanyi, na sha a tsaye. Dattijon ya rako ni har bakin hanya ya ce in gaida Hajiya, in ce mata ɗanta ya kasance mai ladabi. Na biyo ta cikin Bunkure na ɓullo Karfi, masu tumatir suna ta ɗaga mini kwando kamar ina da inda zan ɗora.

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne, ba zai cika darasi guda ba. Duk mai irin wannan babur ya je a saita masa shi daidai jikinsa, kada ya hau da awon wani. Kuma kafin a kwance abin da ka gada, ka tambayi wanda ya ɗaure shi dalili.

Na iso gida kafin magariba. Hajiya tana kan darduma a tsakar gida, da carbi a hannu. Na isar da saƙon dattijon, sauran zancen na riƙe.

"Ya kayar da kai?"

"A'a, Hajiya. An gyara."

Ta ja carbi kaɗan, ba ta dube ni ba.

"To ka riƙe abinka. Amma ka riƙa kashe shi tun daga bakin layi, ka turo shi. In na ji ƙarar nan a ƙofar gida, tashi nake yi."

Yau da safe sai da na tura shi har bakin titi kafin na tayar. Yana da nauyi ƙwarai.