Macijin Kapembwa

Shekara goma sha tara muna buga golf da Kapembwa Sikazwe kowace Asabar a kulob ɗin ma'aikatan haƙar tagulla na garinmu, kuma ban taɓa sonsa ba ko na yini ɗaya. Shi ma bai ɓoye nasa ba. Rashin mutum na huɗu ne kawai ya haɗa mu: ni Lombe, da Nkandu mai kantin magani, da Hamweene tsohon hedimasta, sai shi.

Tun yana ƙarami ya shiga filin nan, yana ɗaukar wa Turawan kamfani jakar sanduna, ko takalmi babu. A bayan ɗakin injin yankan ciyawa ya koyi tura ƙwallo cikin gwangwani da karyayyar sanda. Da ya girma ya samu aikin sito, ya shekara talatin yana hana mutane ƙusa ɗaya in ba takarda. Da wannan halin ya shigo mana wasa.

Shi ya kawo macijin. Daga tsohuwar robar belin da ke jan dutse a mahaƙar ya yanko shi, ya shafe shi da koren fenti, ya yi masa idanu da kan ƙusa. Dokar ma tasa ce. In ƙwallonka ya hau lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, ka yi bugu uku kafin ya faɗa, maciji ya zama naka, sai wani ya yi irin kuskurenka ka miƙa masa. Wanda aka gama rami na sha takwas, wato na ƙarshe, yana hannunsa zai rataya shi a wuya a mashayar kulob, ya sayi giyar kowa da nshima, tuwon masararmu, da soyayyen kifi, ya tafi da shi gida har wata Asabar. Kuɗin ba komai ba ne. Tafiyar nan daga ƙofa zuwa kantar mashaya da roba a wuya, masu hidima suna ƙunshe dariya, ita ke cin rai.

Macijin ya kwana gidana ya fi a ƙirga, har matata ta kafa masa ƙusa a bayan ƙofa. Gidan Kapembwa kuwa bai taɓa kwana ba, kuma babu wanda bai ji haka daga bakinsa ba.

Akwai karar da 'yan golf ke yi wa juna. In ƙwallo ya tsaya taƙi ɗaya daga rami, abokan wasa sukan ce "ɗauka", a bar shi a matsayin ya shiga. A wurinmu, mutum ɗaya ya ƙi, dole ka buga. Muna yi wa juna, har shi muna yi masa, tunda mun san ba ya kuskure. Shi bai taɓa yi wa kowa ba.

"Dattijo, ɗan wannan ma?" in ce masa.

"Ɗan wannan ma, Lombe. Ramin yana nan, ba ƙaura ya yi ba. Saka shi in gani."

Ranar da na dawo wasa bayan binne ƙanena ma haka ya ce mini. Na kuskure, ya rataya mini abinsa yana fito. Ban yafe ba, kuma ban yi niyya ba.

Bara hannunsa ya fara rawa. Nkandu ne ya fara lura, ganin yana riƙe kofin giya da hannu biyu. Sai ya koyi sunkuyawa da sauri ya ɗauke ƙwallonsa da zarar an ce "ɗau", kafin a ƙarasa. Ni dai ina kallo, ina jiran rana.

Ta zo wata Asabar cikin zafin Oktoba. Mun iso rami na ƙarshe maciji yana wurin Hamweene. Bugun farko na Kapembwa a kan lallausar ciyawar ya tsaya taƙi ɗaya daga rami, ya sunkuya zai ɗauka.

"Dattijo," na ce, "ramin yana nan, ba ƙaura ya yi ba."

"Haba Lombe," in ji Nkandu. "Ka ji tsoron Allah mana. Ba ka ga hannun ba?"

"Hannunsa ne, ba nawa ba. Saka shi in gani."

Kapembwa ya miƙe a hankali, bai dube ni ba. Ya daɗe a kan ƙwallon, kan sandar yana ta kaɗawa. Da ya taɓa shi, ko bakin ramin bai shafa ba, sai a bugu na uku ya faɗa. Hamweene ya miƙa masa macijin yana kallon ƙasa. Ya shigo mashaya da shi a wuya, ni kuwa na sa a kawo mini kifin da ya fi girma. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba, har ƙashin na tsotse.

Asabar ta gaba ya zo da maciji a wuya, ba jaka.

"Ina sandunan?" in ji Hamweene.

"Na ba jikata, na daina wasa. Amma kayan mutane yana wurina, kuma doka ta ce sai wani ya yi uku."

Haka ya bi mu rami bayan rami cikin rana, yana jan ƙafa, kullum a bayana yake tsayawa. Duk muka kame, har rami na sha bakwai ba wanda ya yi uku. A na ƙarshe bugun farkona ya tsaya taƙi ɗaya daga rami.

"Ɗauka," in ji Nkandu da sauri. Hamweene ma ya ce in ɗauka mu je mu sha ruwa. Na sunkuya ke nan sai na ji muryar Kapembwa, a tausashe kamar mai lallashin jinjiri.

"Ɗauka, Lombe. Ɗauka abinka, yaro, ba kowa ke iya irin wannan ba."

Shekara goma sha tara ina jiran kalmar nan daga bakinsa, ranar da ta fito kuma na kasa haɗiye ta. Na miƙe, na gyara tsayuwa, na buga. Ƙwallon ya zagaya bakin ramin ya fito, dole sai da na yi na uku.

Da kansa ya rataya mini. Ya ɗauki lokaci, don hannun na rawa, ina jin yatsunsa suna bugun wuyana, ya kuma gyara kan macijin ya fuskanci gaba.

Yanzu kowace Asabar yana zaune a barandar kulob da kofinsa a hannu biyu, yana ɗaga mini shi in na wuce. Macijin yana yawo tsakaninmu mu uku, ya fi daɗewa a bayan ƙofata. Kapembwa ba ya wasa, don haka babu yadda zan yi in mayar masa.